Shekarar da Maigidana Ya Bar Cin Nama

Maigidana dillalin bisashe ne. Tun kafin a kai ni ɗakinsa yake bin kasuwanni, yau Madawa, jibi Buza, idan ta kama har Keita, kuma rabin aikinsa a cikin bakin dabba yake. Mai rago zai rantse shekarar ragonsa ɗaya. Shi ba ya musu da kowa. Sai ya matse ragon tsakanin gwiwoyinsa, ya sa babban yatsa ya janye leɓen ƙasa, ya duba. Idan haƙoran nono ne, ƙanana farare, ya ce yaro ne. Idan manya biyu sun fito, ya ce ya yi biyu. Haka har huɗu, har shida, har baki ya cika. Mai saye da mai sayarwa duk abin da ya faɗa shi suke ɗauka, domin ba a taɓa kama shi ya ƙara wa dabba ƙuruciya ba. Ba mu tara dukiya ba. Sunan nan nasa shi ne abin da muke da shi, da shi muka ci, da shi muka aurar da yaranmu.

Mutum ne mai son nama. Ranar kasuwa ba ya dawowa hannu rabbana, ko yaya sai ya zo da ɗan balangu a ƙunshe cikin takardar siminti. Idan na yi miya da ƙashi, shi ke fasa ƙashin ya tsotse ɓargo, yana cewa wanda ya bar ɓargo bai san wahalar makiyayi ba.

Bayan an gama ɗaure hatsi an zuba a rumbu, ƙanensa ya yi suna, aka aiko mana da kasonmu na naman ragon. Na yi tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, na zaɓa masa tsoka mai kyau na ɗora a sama. Ya buɗe faifai, ya tsaya, ya mayar ya rufe.

"Naman ga ya kwana?"

"Yau da safe anka yanka. Kai ka riƙe ƙafar."

"Yana wari."

Na ɗauki kwanon na shinshina. Ƙamshin daddawa kawai na ji. Na ce masa wane irin wari?

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, "Warin jiki. Kamar ɗakin da mutum ya daɗe kwance."

Na dama masa hura ya sha. Na ɗauka abin yini guda ne. Amma sati ya zagayo, kasuwa ta ci, ya dawo ba ƙunshi. Wata ya wuce. Idan maƙwabta suna suya, sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma inda iska ba ta kaiwa. Tuwo ma loma biyar ko shida yake yi ya ce ya ƙoshi. Ba ya zazzaɓi, ba ya kwanciya, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. A wajenmu mai tafiya da ƙafarsa ba majinyaci ba ne, don haka maganar likita ba ta zo bakin kowa ba, har ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida.

Shi kuwa ba mutum ne da ke barin abu ba dalili ba. Idan tunkiya ta ƙi ci, sai ya gano abin da ya hana ta. Wata safiya na tarar da shi a tsakar gida riƙe da ɗan madubina, ya janye leɓensa da babban yatsa, yana duba bakinsa yadda yake duba na rago. Bai ji kunyata ba. Ya ce in matso in buɗe nawa. Na ce a'a, ni ba ta sayarwa ba ce. Ya yi murmushi, amma idonsa bai bar bakina ba.

Yana da abokin ƙuruciya, mahauci, gajere mai tumbi, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wata la'asar mahaucin ya zo da ƙunshin balangu kamar yadda ya saba, suka zauna a zaure. Ni ina bayan zana ina tankaɗe, duk abin da suka faɗa a kunnena.

"Kai sarkin ƙuda, aje ƙunshin ga waje, sannan ka buɗe bakinka in gani."

"In buɗe ka yi mani kuɗi? To duba, sarkin ƙarya. Baki ya cika har ya fara zuba. Wa ka sayen tsoho?"

"Tsaya dai. Ina fiƙarka? Ƴar abar ga ita ce fiƙa? Tahi ka ɗaga leɓen kare ka ga fiƙa. Kuma kare muƙamuƙinsa sama da ƙasa kawai yake zuwa, kamar almakashi. Saniya gefe da gefe take kai nata, niƙa take. Tauna ka ji naka. Mu masu niƙa ne. Kare da kyanwa lasar ruwa suke da harshe, tunkiya tsoma baki take ta zuƙa. Kai ƙaƙa kake sha?"

"Da moɗa."

"Bari wasa. Ba a yi ɗan Adam don nama ba. Don hatsi anka yi mu, da ganye, da nono. Kwaɗayi ne ya kai mu ga wuƙa, munka saba, har munka mance."

Mahaucin ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To raƙumi fa? Kai da ke buɗe bakin raƙuma, ba ka ga hauren amale ba? Ya fi na kare. Mi yake ci? Ƙaya. Saniyar da kake yabo kuma, ba ka taɓa ganin ta da rani ta ɗauki ƙashin mushe tana gurgura ba? Tambayi Fulani. Tunkiya ko haƙoran gaba na sama ba ta da su, kai kana da su. To kai dangin wa ne? Haƙoran ɗan Adam ga su nan." Na ji ya buga kuben wuƙarsa a ƙasa. "Wuƙa da wuta. Allah ya ba kura nata a baki, ya ba mu namu a hannu."

Can na ji muryar maigidana, ƙasa-ƙasa.

"To don mi cikina ya ƙi?"

"Cikinka ya tsufa kamar mai shi. Jiƙa sabara ka sha."

Suka yi dariya su biyu. Amma da mahaucin ya tashi tafiya, da ƙunshinsa ya tafi, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ni a ganina mahaucin ne ya yi gaskiya ran nan. Maigidana bai saki maganar ba. Ya kai ta kasuwa, ya kai ta gindin itacen bedi inda dattawa ke zama, har ta kai kunnen liman. Liman ya kira shi gefe, ya ce masa barin abin da rai ya ƙi ba laifi ba ne, amma kada ya riƙa gaya wa mutane ba a yi su don abin da Allah ya halatta musu ba. Ya ce ya ji, kuma daga ranar ya kama bakinsa. Hannunsa ne bai kamu ba.

Maƙwabciyarmu tana da ƴar yarinya mai kamar shekara shida, tana famfara a lokacin. Ita ake aikowa ɗibar wuta gidanmu. Wani hantsi cikin bazara ta shigo da kaskonta, ta yi masa gaisuwa, ya ga giɓin.

"Zo nan, ƴar tsohuwa, in ga wa ya sace maki haƙora."

Ta je tana dariya. Ya kama haɓarta, ya sa babban yatsa ya janye leɓen, ya karkatar da kanta wajen haske. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda wasa ke ɗauka. Yarinyar ta daina dariya. Sai na ji ya ce, ba da kowa yake ba, "Ta yi biyu."

Na ɗaga kai. Uwar yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, ta biyo ta don ta ga ta daɗe. Ta kama hannun ƴarta suka fita, kaskon yana nan a ƙasa.

Kwana uku bayan haka yarinyar ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, tana fizge-fizge, tana toshe bakinta da hannu biyu tana cewa kada a buɗe. Aka kai ta likita, aka yi mata ƙarin ruwa, cikin sati ta miƙe tana wasa. Yarinya ta warke, magana ba ta warke ba.

Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da ake faɗa game da maye. An ce yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mutumin ya yi ta ramewa har ya ƙare. An kuma ce wanda ya ɗanɗana wancan naman, na dabba ba ya ƙara yi masa daɗi. To ga mutum, shekara hamsin yana tsotsar ɓargo, rana ɗaya ya ce nama na wari, sannan ya koma duba bakin yaran mutane yana faɗin shekarunsu kamar kayan kasuwa. Ba wanda ya tare mu ya faɗa. Aka dai daina aiko yara ɗibar wuta. Idan ya biyo ta bakin rijiya, mata su ja mayafi su rufe kan goyonsu. A kasuwa, mutanen da a da suke riƙe da igiya suna jiran isowarsa suka nemi wani dillali. Sau ɗaya kawai ya yi mini zancen. Ya dawo daga sallar azahar, yana cire hula, ya ce, "Yau iska na shiga sahu ta gefena biyu."

Lokacin ina yarinya na ga jana'izar wata tsohuwa da aka liƙa wa wannan suna. Mutum biyar suka kai ta, biyu daga ciki baƙi ne masu wucewa. Jikokinta kuwa har yau idan za a yi zancensu sai an rage murya. Ban kawo wa maigidana mutuwa a raina ba a lokacin. Sunan nake tsoro. Na ga yana zamewa daga hannunmu kamar igiyar guga, kuma ban san inda zan riƙe ba.

Yana da yaya mace, wadda ta goye shi, tana aure wajen Karofane har mijinta ya rasu ta zauna can. Da zancen ya kai mata, ta hau amalanke ta zo. Ta same ni a madafa ta rufe ƙyaure.

"Abin ga maganinsa guda ne. Shi ci nama gaban mutane."

"Yaya, ko warinsa ba ya so."

"Ke ba mace ba ce? Ciki sabo yake. Dafa ƙashi ki tace romon, ki zuba cikin miya, ki cika daddawa. Kaɗan-kaɗan, har cikin ya tuna."

Na yi yadda ta ce. Na tace romon da tsumma mai tsabta don kada ko zare ɗaya na tsoka ya wuce. Ya yi loma uku, ya dube ni, ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Sau huɗu na yi masa haka. A na huɗun, da ya dawo yana kurkure baki, ya ce, "Uwar yara, na sani tun ran farko. Bari haka nan."

Da ya fita na je bayan rumbun. Abin da ya amayar baƙi ne, kamar an jiƙa garin gawayi. Kajina suna tsaye nesa suna kallo, ko ɗaya ba ta matsa ba. Na ɗebo yashi na rufe. Ban gaya wa kowa ba, har yayarsa, saboda na san abin da za a ce idan aka ji mutumin nan yana aman baƙin abu. Cikin duk abin da na yi a shekarar, yashin nan ne ya fi tsaya mini a rai.

Azumi ya zo ya rufa mana asiri, tun da kowa ya rame. Aka yi ƙaramar salla, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Sannan layya ta matso.

A garinmu idan an yanka ragunan layya an feɗe, ana buɗe kowanne a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, kowace unguwa da wutarta. Haka za su yini suna gasuwa, ba a taɓa su sai washegari. Ranar farko kayan ciki ake ci, kuma maigida da hantar ragonsa yake buɗe baki, a waje, cikin maza. Ba wurin ɓuya. Ranar jajibiri da hantsi na same shi yana ba ragonmu dusa. Shi ya zaɓo shi da kansa, fari mai baƙin kai, ya yi huɗu. Na durƙusa.

"Malam, roƙo na zo yi."

"In ci hanta."

"Yanka guda. Gabansu."

"Kin yarda da abin da suke cewa?"

"Da na yarda, da ban kwana ɗaki guda da kai ba. Jikokinka nake tunani."

Ya shafa wuyan ragon. Ya dubi hannunsa, wanda ya zama duk jijiya. Ya ce, "To."

Ranar sallar hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba. Iska ta tsaya cik, hayaƙi ya rasa inda zai tafi, ya kwanta a kan unguwa. Na soya hantar da ɗan gishiri kawai, na kai bakin zaure, mahaucin ya karɓa daga hannuna bai dube ni ba. Na koma bayan zana na sa ido a wata kafa. Raguna sun fi goma a jere, ba kai, an ware musu hannu da ƙafa, ƙirjinsu a buɗe yana fuskantar wuta. Shekara da shekaru ina ganin haka, amma ran nan sai na ga kamar mutane ne suka kewaye wutar suna jin ɗumi. Maza suna zaune a kan tabarmi. Da aka aje kwanon gaban maigidana, hira ta mutu. Ba abin da ake ji sai kitse yana ɗiga cikin garwashi.

Ya yi bisimilla. Ya ɗauki yanka guda ya sa a baki. Na ga muƙamuƙinsa yana tafiya gefe da gefe, a hankali, zufa tana gangarowa daga ƙarƙashin hularsa. Ya rufe ido ya haɗiye.

"Ƙara, sarkin ƙarya," in ji mahaucin da ƙarfi. "Shaida guda ba ta tsayawa gaban alƙali."

Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku. Wani ya yi dariya, wani ya ce alhamdu lillahi. Sai na ga hannu ya shiga kwanon tare da nasa, hannun uban yarinyar nan mai giɓi. Hira ta dawo kamar an buɗe bakin tulu. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Na koma madafa ina yi wa Allah godiya, har na ɗan yi waƙa a ƙasan maƙoshi.

Ya zauna cikinsu har aka yi azahar, don kada a ce ya ci ya gudu. Sannan ya shigo, ya wuce ni, ya zagaya bayan rumbu. Na ji ƙarar faɗuwa. Wannan karon ja ne, kuma da yawa, ya fi ƙarfin yashi.

Babban ɗanmu yana aikin gyaran babur a Madawa. Ya samo mota, muka kai shi babbar likita. Aka ɗebi jini, aka ƙara masa wani, aka ɗauki hoton cikinsa, muka kwana huɗu. Lokotoron da ya duba shi yaro ne, sa'ar ɗana, mai tabarau. Ya zo ya tsaya gefen gadon da takardu a hannu, ya ce mini, "Inna, tun yaushe ya ƙi nama?"

Na ɗauka zancen garinmu ne ya biyo mu har nan. Na ce wa ya gaya masa?

"Ba wanda ya gaya mini. Ciwon nan haka yake fara wa wasu. Nama ya riƙa yi musu wari, su ci kaɗan su ƙoshi."

Ya ce ciwon daji ne a tumbi, kuma ya riga ya bazu. Ya sake tambaya tun yaushe. Na ce tun kaka. Ya fara lanƙwasa yatsunsa yana ƙidaya watanni, bai kai ƙarshe ba ya bari, ya mayar da biro aljihu. Bai ce da mun zo da wuri ba. Ni ma ban tambaya ba.

Maigidana yana jin mu. Ya ɗago hannu.

"Lokotoro, in tambaye ka. An yi ɗan Adam don cin nama, ko ba a yi shi ba?"

Yaron ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya zauna bakin gadon ya ce, "Baba, cikin mutum mai lafiya yana narkar da nama, yana narkar da hatsi. Wanda bai ci nama ba zai rayu in ya samu wake da nono. Wanda ya ci daidai ma zai rayu. Naka cikin ba rigima yake da nama ba, ciwo ne ya tare hanya."

"To haƙoran fa?"

"Haƙora kam, kai ka fi ni sani."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. A mota muna komawa, mun sauko daga kan dutse muna hango kwarin Majiya ya yi kore, ya ce da ni yaron nan yana da ladabi, amma rabin amsa ya ba shi. Bai ƙara tada zancen ba. Zancen hanta ma bai taɓa tada shi ba, ko da wasa.

Ya yi wata biyu a ɗaki. Kunu, sannan ruwan kunu, sannan ruwa a cokali. Ya cika wata safiya bayan rana ta fito, lokacin da hatsi ya fara fid da kai, ina riƙe da ƙafarsa ina jin sanyi yana hawa.

Jama'a ta zo. Ɗana ya ce sahu ya kai har bakin hanya, har da mutanen kasuwar Buza da wasu makiyaya da suka bar shanunsu suka zo da sandunansu. Mahaucin yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da suka fito, ɗayansu ya ce a gaban mutane mutum ɗaya zai iya ɗaukar gawar da hannu guda. Wani dattijo ya ce, "Maye ba ya ƙarewa haka. Bawan Allah ga, cin shi anka yi."

Ranar sadakar uku ɗana ya ba malamin lakwal takardar likita, ya karanta a zaure ya fassara da Hausa, ya faɗi sunan ciwon. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah ya jiƙansa, aka shafa fatiha. Amma takarda ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa wurin daka. Can tambayar da ake yi daban ce. Idan cin shi aka yi, wa ya ci? Wa ke kusa da shi dare da rana? Wa ke dafa masa? Aka ce akwai wadda take zuba masa abu a miya a ɓoye, yana ci yana amai. Aka ce ita ta durƙusa ta roƙe shi ya ci hantar da ta kayar da shi. Zancen romon nan mutum ɗaya ce ta san shi bayan ni da shi. Ban riƙe ta a zuci ba. Ƙanenta ne, ita ta goye shi, kuma baƙin ciki yana neman inda zai zauna.

Ina cikin takaba, don haka ban ga abin da idona sosai ba. Na dai lura masu shigowa gaisuwa suna raguwa, kuma masu goyo a tsakar gida suke tsayawa. Ɗana ya ce in tattara in koma Madawa wurinsa. Na ce sai na gama kwanakina a ɗakin da aka bar ni.

Ranar da na fita takaba, yayarsa ta zo. Ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ta shigo ba. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ce sauri take. Na ɗebo ruwa a randa na miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe. Ta tsufa ƙwarai a watannin nan, idonta ya faɗa. Muka gaisa, ta yi mini barka da fita, na yi mata ya haƙuri.

Na ce, "Yaya, mi ake cewa game da shi yanzu?"

Ta dubi ruwan da ke hannunta. "Ana cewa mutumin kirki ne. An zalunce shi."

"A kasuwa fa?"

"Sun ce ba a ƙara yin dillali irinsa ba. Ran Juma'a liman ya sa an yi mashi addu'a, masallaci duka."

"Yaran fa? Jikokinsa?"

"Ba mai taɓa su. Ɗiyan ɗansa ne, jininsa ne." Ta ɗago kai ta dube ni. "Ke ba ki tambayi abin da ake cewa game da ke ba."

Na ce na sani.

Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu. Leɓenta ya motsa. Sai ta sunkuya ta aje kwanon ruwan a ƙasa, cike yadda na ba ta, ta ce rana na yi, mai amalanke ba zai jira ba. Na raka ta har zaure. Da na dawo na ɗauki ruwan na zuba a gindin zogale, na kife kwanon, na shiga hura wuta.